Tulif ya yi ganye ya ƙi fure, wa ya san dalili?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin furanni ku taimaka mini, abin ya ishe ni. Yayata ce ta aiko mini da kawunan furen tulif goma sha biyu, masu kama da kan albasa, da na furen kala-lili huɗu. Ta ce tulif sai ya sha sanyi kafin a shuka, na sa su a firij wata guda cur, na fito da su na shuka a manyan tukwane biyu. Bakwai suka tsiro. Ganye bibbiyu suka yi, masu faɗi da kauri, daga nan suka tsaya cak. Ɗaya ne kawai ya yi kamar zai yi fure, wani ɗan jan abu ya leƙo can ƙasa tsakanin ganyen, ko tsawon yatsa bai kai ba, kwana biyu ya bushe. Kala-lilin kuwa biyu sun narke a cikin ƙasa, da na tono sai wari. Safe da yamma nake ba su ruwa, ban taɓa fashi ba. A ina na kuskure?

Malam Tukur: Wa alaikumus salam. Maman Ihsan, ai kin amsa wa kanki rabin tambayar. Safe da yamma? Ruwa ne ya kashe kala-lilin. Tulif kuma wata guda bai ishe shi ba.

Maman Ihsan: Malam, ai na ga hoton kala-lili a bakin rafi, gindinsa cikin ruwa tsamo-tsamo. Shi ya sa na ɗauka mai son ruwa ne.

Malam Tukur: Wane launi ne naki?

Maman Ihsan: A jikin ledar an nuna rawaya da wani ruwan hoda.

Malam Tukur: To nan gizo ke saƙar. Wanda kika gani a bakin rafi farin ne, babban, mai ganye kore shar. Asalinsa kudancin Afirka, can yana fitowa da kansa a fadamu da kwalbatocin gefen hanya, shi kam ko kin dasa shi cikin taɓo ba ruwansa. Masu launi kuwa, rawaya da ruwan hoda da masu duhu, dangi ne amma halinsu daban. Sun fito daga yankunan da ruwan sama ke sauka lokacin zafi sannan ƙasa ta bushe ƙamas watanni, sai ganyen ya mutu, kan ya kwanta barci a ƙasa. Kan da bai fitar da saiwa ba ba ya shan ruwa, jiƙa kawai yake yi. In ya jiƙa ga zafi, sai wata ƙwayar cuta ta shige shi ta inda ya ƙuje, ya koma kamar kunu. Warin da kika ji nata ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi ya sa ko wajen tonowa ake lallaɓa shi kar a ji masa ciwo.

Anti Rabi: Gaskiyar Malam. Ni dai ga yadda nake yi wa masu launin. Ƙasa mai sakin ruwa, in gauraya ta da yashi mai tsakuwa, tukunya kuma lallai mai huji a gindi, ba huji ɗaya ba. In binne kan kamar santimita 8 zuwa 10, ɓangaren mai ƙuraje a sama, don nan ne idanun suke, mai santsin a ƙasa. In ba shi ruwa sau ɗaya ranar shuka, in ɗauke hannuna har sai na ga tsiro ya huda ƙasa. Daga nan ma sai na tura yatsa na ji saman ya bushe. Wajen wata biyu zuwa uku za ki ga fure. Biyun da suka rage, in da tauri a jikinsu, fito da su yanzu, ki zubar da ƙasar nan gaba ɗaya, ki wanke tukunyar, ki bar su su sha iska a inuwa kwana biyu kafin ki mayar.

Sagir: Anti, wai gaskiya ne kala-lili ba lili ba ne? Na taɓa karantawa.

Anti Rabi: Haka nake ji, amma Malam ya fi ni sani.

Malam Tukur: Ba lili ba ne ko kusa. Ɗan uwan gwaza ne, dubi ganyen ka dubi kan za ka yarda. Kuma abin nan mai kama da mazurari da muke kira fure, ganye ne da ya sauya kama. Furannin gaskiya su ne 'yan mitsi-mitsin da ke manne a jikin sandar nan rawaya ta tsakiya. Shi ya sa za ka ga na masu launin in ya tsufa yana komawa kore, asalinsa yake tunawa.

Sagir: Sunansa na kimiyya ma akwai ruɗani. Zantedeschia, don girmama wani likita masanin tsirrai ɗan Italiya, Giovanni Zantedeschi. Farin kuma ana ƙara masa aethiopica, mutane su ɗauka daga Habasha yake, alhali Turawan wancan zamanin kusan duk abin da ya fito daga can cikin Afirka haka suke laƙaba masa.

Hajiya Kulu: Ku dawo kan tulif don Allah, don na san inda Malam Tukur zai dosa, zai ce ta haƙura. Maman Ihsan kar ki haƙura. Ni ma inda nake zafi ne, kuma sau uku ina fitar da furen tulif a tukunya. Sirrin ƙidaya ce. Mako 12 zuwa 16 yake so cikin sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 9 a ma'aunin Salshiyas. Ke mako huɗu kika ba shi. Sanyin nan shi ke sa kan ya narkar da abincin da ya tara ya zama sukari, shi ke ba karan ƙarfin miƙewa. In bai ƙoshi da sanyi ba, furen ya buɗe a ƙasa tsakanin ganye kamar yadda naki ya yi, ko ya ƙi fitowa sam. Ki sa su a jakar takarda, ban da leda, leda na sa su gumi su yi fumfuna. A ɗakin kayan lambu na firij, ba wajen ƙanƙara ba, in suka daskare sun tafi ke nan. Ki rubuta ranar a jikin jakar. Ranar da kika fito da su, ranar za ki shuka.

Malam Tukur: Hajiya, ban ce ba ya yiwuwa ba. Tambayata ita ce, kwana nawa furen ya yi miki?

Hajiya Kulu: Biyar. Na bara ya yi shida.

Malam Tukur: Wata huɗu a firij, mako uku ko huɗu a tukunya, fure kwana biyar. Sannan kan ba zai sake yi miki ba baɗi, sai kin nemo sabo. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu ke nan? Tulif ɗan dutse ne, asalinsa tsaunukan tsakiyar Asiya, wajen Tien Shan da Pamir, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni, bazara ta zo a taƙaice, sannan rani ya ƙone komai. Duk rayuwarsa a kan wannan tsarin aka gina ta. Bayan sanyin ma yana son ya girma a digiri 13 zuwa 18. In kin fito da shi cikin digiri 30 sai ya yi komai a gurguje ya mutu. Ni shekaruna a wannan sana'a sun koya mini in shuka abin da ke son wurina, ba abin da nake roƙo ya zauna ba.

Hajiya Kulu: Malam, da girmanka, ba komai ake awo da kwana ba. Ranar da na farko ya buɗe, da asuba na fito na same shi a tsuke kamar ƙwai, ja wur. Hantsi na yi ya baje har ina ganin baƙin tabon da ke can cikinsa da 'yan sandunan nan shida. Da yamma ya sake rufewa. Na ɗauko kujera na zauna gabansa kamar mai jinya. Kwana biyar ɗin nan ban ba da su da wata biyar na wani furen ba.

Malam Tukur: Allah ya huci zuciyarki Hajiya. So ba ya jin lissafi, na sani.

Binta: Ni inda nake zaune dusar ƙanƙara na sauka, don haka firij ɗinmu ƙasar waje ce. Muna shukawa da kaka kafin ƙasa ta daskare, zurfin ninki uku na tsawon kan, wajen santimita 15, tsinin a sama. Amma bari in faɗa muku abin da ba a nunawa a hoto. Ko a nan yawancin tulif ɗin zamani shekarar farko ce tasu. Ta biyu furen ya ƙanƙance, ta uku ganye zalla, saboda uwar kan tana rarrabuwa ta zama 'ya'ya ƙanana waɗanda ba su kai girman yin fure ba. Irin da ake kira Darwin ne ke ɗan jurewa, da na daji masu gajeren kara. Lambun Keukenhof da ke Lisse a Holan, wanda kowa ke yaɗa hotunansa, duk shekara sabbin kawuna wajen miliyan 7 ake shukawa da hannu, a buɗe shi kamar mako takwas daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, a rufe a tone. To in su ma sabo suke sawa, Hajiya Kulu ba ta yi abin kunya ba.

Hajiya Kulu: Yauwa Binta, Allah ya yi miki albarka. Malam ka ji ko?

Malam Tukur: Na ji. Su ai kuɗin ƙofa suke karɓa.

Sagir: Hajiya ba ke kika fara zaucewa a kan furen nan ba. Turkawan Daular Usmaniyya sun riga ki, har akwai zamanin da ake kira da sunansa, daga 1718 zuwa 1730, lokacin Sarki Ahmad na Uku. Su lale suke ce masa. Sunan tulif da Turawa suka ba shi daga kalmar rawani ya samo asali, don kamar da furen ya yi da naɗi. A Holan kuma wani masanin tsirrai Carolus Clusius ne ya shuka shi a lambun jami'ar Leiden a 1593. Ba a yi shekara hamsin ba aka shiga hauka, ana cinikin kawunan da ke binne a ƙasa, mai saye bai gani ba, mai sayarwa ma wani lokacin bai mallaka ba, takarda ce kawai ke yawo daga hannu zuwa hannu. A Fabrairun 1637 kasuwar ta rushe, aka wayi gari ba mai taya. Ko da yake masana tarihi na baya-bayan nan sun ce an ƙara wa labarin gishiri, bai durƙusar da ƙasar ba kamar yadda ake faɗa.

Binta: Ka manta wurin da ya fi daɗi. Waɗanda suka fi tsada a lokacin, masu zane-zanen nan kamar harshen wuta a kan fari, irin su Semper Augustus, marasa lafiya ne. Cutar bairas ce da ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye ke yaɗawa, ita ke farfasa launin, kuma tana raunana kan har irin ya ƙare. Sai a shekarun 1920 aka gano haka. Masu zanen da ake sayarwa yanzu lafiyarsu lau, ta hanyar haɗa iri aka samo su.

Sagir: Wato mutane sun yi ta zuba dukiya a kan cuta.

Anti Rabi: Sagir kai da tarihi. Ku bar ni in yi maganar ado, don wasu a nan ba shuka za su yi ba, yankakke za su samu su sa a gilashi. Tulif shi ne furen da na sani wanda ke ci gaba da tsawo bayan an yanke shi. Ki jera shi daidai da dare, da safe ki tarar ya ƙaru, ya fi sauran furannin tsayi, ya karkata wajen taga. Cikin 'yan kwanaki yakan ƙara santimita uku zuwa biyar. Farkon fara aikina na yi ta faɗa da shi, ina ɗaurewa ina tokarewa. Yanzu na daina, na gane lanƙwasar nan ita ce kyansa. Gilashi mai tsayi nake ba shi wanda zai rufe rabin karan, in bar sauran ya yi yadda ya ga dama. In kin same su sun yi laushi, naɗe su tsaf cikin takarda har kai, ki yanke gindin da wuƙa mai kaifi, ki tsayar da su cikin ruwan sanyi awa biyu, za su miƙe. Cire duk ganyen da zai nutse. Ki nisanta su da rana da bayan talabijin da kwanon 'ya'yan itace. Kar kuma ki haɗa su gilashi ɗaya da sabon yankan wani fure da ake kira dafodil, majinar da yake fitarwa tana toshe musu kara.

Ummi: Anti, ni an ce mini a jefa kwabo a cikin ruwan.

Anti Rabi: Na gwada, ban ga bambanci ba. Sauya ruwa duk bayan kwana biyu da wanke gilashin sun fi kwabo aiki. Kala-lili kuma akasin tulif ne wajen ruwa a gilashi. Kaɗan yake so, kamar faɗin yatsu uku, don karansa kamar soso ne, duk inda ya nutse sai ya yi yauƙi, gindin ya tsage ya nannaɗe. Duk sauyin ruwa ki datse santimita ɗaya. Kar ki riƙa taɓa farin da hannu, yau ba za ki ga komai ba, gobe sai tabo ruwan ƙasa ya fito daidai inda yatsanki ya sauka. Kuma shi ba ya son cunkoso. Uku ko biyar a dogon gilashi siriri, tsayinsu ya bambanta, shi ke nan ɗaki ya haɗu. Na sha ganin an cusa shi tsakiyar wardi da ganyaye har ya ɓace, sai in ji kamar in sa hannu in zaro shi. Yakan yi mako guda zuwa kwana goma.

Ummi: Ina da kyanwa, tana tauna duk ganyen da ta samu. Akwai matsala?

Binta: Akwai. Kala-lili duk jikinsa akwai wasu 'yan allurai da ido ba ya gani, irin masu sa ƙaiƙayin ɗanyen gwaza. In ta tauna bakinta zai yi zafi, ta yi ta dalalar da miyau. Yara ma haka, a ɗaga shi sama. Tulif ma guba ne gare ta, musamman kan. Amma wanda ya fi haɗari ga kyanwa shi ne lili na ainihi, shi ƙoda yake kashewa, ko garin furen ta lasa a jikinta sai an garzaya da ita wurin likitan dabbobi. Kuma Maman Ihsan, in za ki sake sa kawuna a firij, yi wa jakar rubutu babba, kar wani ya ɗauka albasa ce. Masu aikin kan tulif kullum ma safar hannu suke sawa, yana sa fatar yatsu ta tsattsage.

Sagir: Amma mutanen Holan sun ci shi lokacin yunwar hunturun 1944 zuwa 1945.

Binta: Sun ci don ba yadda za su yi, kuma sai da suka cire tsakiyar. Kar ka ba wa mutane shawara, Sagir.

Malam Tukur: Tunda an dawo kan firij, Maman Ihsan, akwai abin da bai daidaita mini ba. Ƙarancin sanyi na sa kara ya gajarce, wannan ya bayyana guda ɗayan. Amma shida ba ko alamar fure, biyar ba su tsiro ba? Me da me ke cikin ɗakin da kika ajiye su?

Maman Ihsan: Kayan lambu ne kawai Malam. Sai tuffa da nake saya wa yara, ita kam ba ta yankewa a wurin.

Hajiya Kulu: Innalillahi. Laifina ne da ban faɗa tun farko ba.

Malam Tukur: Ruwa ba ya tsami banza. Tuffa da ayaba da tumatir in suna nuna suna fitar da wata iska da ake kira etilin. Shi kuwa kan tulif, tun ranar da aka sayar miki da shi furen na nan cikinsa a ƙunshe, an gama halittarsa tun rani, da ganyensa da komai, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Iskar nan a rufaffen wuri tana kashe shi tun yana ciki. Ganye zai fito lafiya, ki yi ta jira, alhali abin da kike jira ya daɗe da mutuwa. Gani ya kori ji. Tono ɗaya daga cikin masu ganyen, ki tsaga shi da wuƙa daga tsini zuwa gindi, ki faɗa mana abin da kika gani.

Anti Rabi: Kafin ta dawo, Malam, ni ma ina da tawa. Kala-lilina masu launi shekarar farko kowane kai fure huɗu, biyar. Bana ganye ya yi kamar zai fasa tukunya, fure ɗaya tal.

Malam Tukur: Abu uku nake zargi. Kin bar su sun huta? In ganyen ya fara rawaya, a yanke ruwa gaba ɗaya, a bar kan ya yi barci wata biyu zuwa uku a bushe. In kin ci gaba da shayarwa bai san shekara ta juya ba. Na biyu taki, mai sa ganye ya yi yawa, ki nemi wanda sinadarin fotash ya rinjaya. Na uku ba laifinki ba ne. Masu noman sayarwa suna tsoma kawunan cikin wani sinadari mai suna jibaralin kafin su fitar, shi ke ninka furen a zagayen farko. Na biyu sai ya koma halinsa na asali.

Anti Rabi: Ashe kwalliyar kanti ce. Hutun ne ban ba su ba gaskiya, tausayi nake ji in ga tukunya a bushe.

Maman Ihsan: Na dawo. Na tsaga biyu. Daga waje fari tas, zobe-zobe kamar albasa, ba ruɓa ko kaɗan. Amma can tsakiya, a kan wani ɗan guntun kara, akwai wani abu busasshe ruwan ƙasa, kamar tsinken ashana da aka kunna aka kashe. Na taɓa shi da bakin wuƙa ya marmashe. Na biyun ma haka. Wata biyu ke nan ina shayar da wannan safe da yamma.

Hajiya Kulu: Sannu 'yar uwa. In yayarki za ta sake aikowa, ce mata ta zaɓi manya masu nauyi, waɗanda kewayensu ya kai santimita 12. Kuma wajen shuka ki juya ɓangaren kan mai shafaffen ciki ya kalli bakin tukunya, ganyen farko ta nan yake fitowa, sai ya zubo waje ya rufe bakin. Ki matso da su kusa da juna amma kar su taɓa. Tukunyar kuma a wuri mafi sanyi a gidan, hasken safe kawai.

Malam Tukur: Ko kuma ta kula da kala-lilin nan biyu da suka rage, waɗanda in ta bi su a hankali shekara goma suna tare, suna haihuwa tana rabawa.

Maman Ihsan: Duka zan yi Malam. Biyun suna inuwa suna shan iska tun ɗazu, ɗaya har da ɗan koren ido a samansa. Hajiya, mako 16 ɗin daga ranar da suka iso hannuna zan fara ƙirgawa, ko daga ranar da suka shiga firij? Sannan tuffar yaran nan, a ina zan riƙa ajiye ta har wata huɗu?